Ranar da Kawu Ya Aiko Wakili a Ɗebi Jininsa

Ana sallame sallar asuba a masallacin layinmu na ji hon a ƙofar gida. Na zari mayafi da jaka na fito, muka ɗau hanyar Wudil mu uku a motar wurin aiki: ni, da abokin aikina, da direba. Masu bibiyata sun san aikina gwajin jini ne a wani ɗakin gwaje-gwaje a Kano, sun kuma san ba na shiri da tafiyar sassafe ko kaɗan. Amma ran nan ni na riga kowa shiryawa. Su aiki ne ya fito da su, za su karɓo jinin gwaji daga ƙananan asibitocin Gaya da Ajingi. Ni kuwa raɓawa na yi, abin da ya fito da ni Kawuna ne.

Kawu yayan mahaifiyata ne, manomi a wani ƙauye da ke gefen Gafasa. A gidansa na yi firamare bayan rasuwar mahaifinmu, kuma da yake sunan mahaifiyarsa aka sa mini, bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "Uwata". Mako uku kafin wannan tafiya zazzaɓi ya kwantar da shi, irin wanda ya ce bai taɓa yi ba: jiki zau, ciwo a bayan ido, ƙasusuwa kamar ana kakkarya su. Aka yi gwajin maleriya sau biyu, babu. Na je a kwana na uku na ɗebo jininsa, domin likitanmu ya yi zargin dengi, wani zazzaɓi da shi ma sauro ke kawowa, sai dai shi bairas ne, maganin maleriya ba ya ko taɓa shi. Muka gwada, nan ma ba mu ga alamarsa ba.

A nan na tafka kuskuren da har yau nake jin kunyarsa. Na buga musu waya ina cikin sauri na ce, "Ba a ga komai ba, amma za a sake ɗiba nan da mako uku." Rabin farko suka riƙe. A wurinmu ma'aikata wannan magana ce ta yau da kullum. A gidan Kawu kuwa, ciwon da asibiti ya duba har sau uku bai gani ba, ba ciwon tashi ba ne. Zazzaɓin ya sauka bayan kamar mako guda, amma Kawu bai tashi ba. Ya daina cin abincin kirki, ya daina leƙa gona ana tsakiyar kaka, ya kira ƙanensa ya miƙa masa shanun huɗarsa guda biyu, ya fara aika wa mutane a yafe masa. Da matarsa, wadda muke kira Iya, ta gaya mini haka a waya, sai da na nemi wuri na zauna. To abin da na fito nema ke nan, jinin Kawu karo na biyu, ko Allah zai sa ciwon nan ya sami suna, bawan Allah ya tashi daga tabarma.

Gari ya gama waye mana a gadar Wudil. Kogi ya cika ya batse, ruwan ja-ja-ja irin na ƙarshen damina, masu kwalekwale har sun fara fita. Muka tsaya karyawa wurin wata mai koko da ƙosai. Kuɗin da zai ba ka ƙosai biyar a unguwarmu, a nan ya ba ka takwas, manya kuma, da yaji mai tafarnuwa. Direbanmu, wanda tun daga Kano yake cewa shi ba ya iya cin komai da safe, shi ya sa aka ƙaro sau biyu.

A nan ne abokin aikina ya buɗe kular da muke ajiye kwalaben jini don ya duba, sai na ga ya yi tsaye. Robobin ƙanƙarar da muka ɗauko duk sun zama ruwa. Ashe wuta ta ɗauke tun jiya da yamma, mu kuma muka kwaso su cikin duhu ba tare da mun taɓa ba. Jinin gwaji kuwa ba ya son zafi, in ya wuni a mota babu sanyi, aikin banza aka yi. Muka ce ai za mu samu a Gaya.

Daga Wudil zuwa Gaya hanya ba laifi, sai 'yan ramuka da direba ya sani kamar 'yan uwansa, yana kauce musu yana ba mu tarihin kowanne. Hagu da dama dawa ce ta yi kai, an yanke gero an jera dammuna a bakin gonaki, mata da maza sun duƙufa cirar gyaɗa. Ni da na taso a cikin irin wannan, sai na ji ƙanshin ɗanyar gyaɗa ya mayar da ni shekaru baya, lokacin da Kawu ke ɗora ni a kan amalanke in zauna a saman kaya ina jin kaina sarauniya.

Gaya ta tashi sosai da muka isa. Babura da adaidaita sahu sai kaiwa da komowa suke, ga buhunan sabon gero, ga kabewa an tara kamar ba za a iya cinyewa ba. Su abokin aikina suka shiga asibiti karɓar abin da suka zo karɓa, ni kuma na shiga farautar ƙanƙara. Shago uku na leƙa, kowa amsarsa ɗaya: sai dai in an kawo wuta. Wata dattijuwa mai dafaffiyar gyaɗa, ta ce daga Kademi take zuwa kullum, ta tambaye ni me zan yi da ƙanƙara da safiyar nan. Da na ce jini za mu sanyaya, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "'Yar nan, Allah dai ya sa ba sayarwa kuke ba." Na yi dariya na rantse mata. Ita ce ta ba ni labarin wata mata a Ajingi mai firiza mai aiki da hasken rana, ta kuma ƙara mini gyaɗa cikin tafin hannu kyauta.

Hanyar Ajingi ta fi ta baya shiru. Shanu na tsallaka titi a natse, sai ka jira su gama. Muka wuce matan Fulani da ƙoren nono a ka, muka wuce kududdufai cike da ruwa da bado a kansu. Tun kwana biyu da suka wuce na shirya da mutanen gida cewa a kawo Kawu ƙaramin asibitin Ajingi da hantsi, ga katinsa na wancan zuwan a hannunsu. Na kuma roƙi abokin aikina shi ya ɗiba, don wancan karon da ƙyar na iya soka wa nawa allura.

Da muka isa ban ga kowa namu ba. Na bar abokin aikina a asibitin, na hau babur zuwa gidan mai firiza. Mace ce mai fara'a, zoɓo da kunun aya take daskararwa. Ta ce ba ta sayar da ƙanƙara zalla, amma da ta ji dalili sai ta kwaso mini ƙullin ruwa daskararru har goma sha biyu, da ƙyar ta karɓi kuɗin rabinsu. Allah ya saka mata da alheri, ya ƙara wa rana haske a kan rufinta.

Na dawo da leda tana ɗiga, abokin aikina ya tare ni da murmushi ya ce an gama, har ya rubuta suna a kwalba. Na ce alhamdu lillahi, ina Kawun? Ya nuna mini benci. A kan bencin nan Kawu Ƙarami ne zaune, ƙanen Kawu, ya naɗe hannun riga, ya danne auduga a gwiwar hannu, yana ta washe baki.

Na ce, "Kawu Ƙarami, ina Kawu?"

Ya ce, "Yana gida mana. Ai ni na zo a madadinsa."

 Abokin aikina ya ce shi dai ya kira sunan da ke jikin kati, wannan bawan Allah ya amsa ya miƙe. Kawu Ƙarami kuwa ko a jikinsa. Ya ce jiya aka zauna a zaure aka yi shawara. Mutumin da ya rame haka, wane jini ya rage masa da za a ƙara zuƙa? Shi kuwa ga shi garau, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. "Ni na karɓar wa 'ya'yansa aure, ni nake zuwa masa ta'aziyya, ni nake zuwa masa gaban mai gari. Yau don ɗan jinin da bai cika cokali ba sai a ce ban isa ba?"

Gaskiya raina ya ɓaci, har na buɗe baki zan yi faɗa. Sai na kalli audugar nan. Mutumin nan tsoron allura yake tun muna yara, in masu rigakafi suka shigo gari gona yake gudu. Yau ya baro cirar gyaɗarsa, ya hau babur, ya miƙa hannu don kada a taɓa yayansa. Sai na fasa faɗan. Na ce masa ya kyauta, Allah ya bar zumunci, amma wannan aikin ba ya karɓar wakili, sai mun je gida. Abokin aikina ya goge sunan da ke kwalbar ya rubuta na mai ita, kunya ta hana shi haɗa ido da ni.

Daga Ajingi muka nufi wajen Gafasa, Kawu Ƙarami a gaba a babur muna bin sa. Da muka sauka daga kwalta sai yashi, daga yashi sai wani kwari da ruwa ya kwanta, direba ya leƙa ya ce shi nan ya tsaya, motar ba tasa ba ce. Wani mai amalanke da ke komawa gona ya ce mu hau. Haka na shiga ƙauyenmu, a kan amalanke, rungume da kula, abokin aikina ɗan birni ya riƙe katako da hannu biyu yana salati duk sanda ƙafa ta faɗa rami. Ni dai hankalina yana kan ƙanƙara, ina jin tana narkewa a cinyata.

Mun sami Kawu a tsakar gida, a inuwar darbejiya, kwance a tabarma. Ban taɓa ganin wuyansa siriri haka ba. Ya yunƙura ya zauna da ya gan ni, ya ce, "Uwata, kin sha hanya. Ai da kin bari, an riga an duba ba a gani ba." Na durƙusa na gaishe shi, na san maganata ce ya mayar mini.

Da na sha ruwa na natsu, na ce ya ba ni aron kunnensa. Na ce gwajin da muka yi ba ƙwayar cutar yake nema ba, abin da jiki ya ƙera don yaƙar ta yake nema, wato ƙwayoyin garkuwa. Duk sanda sabuwar cuta irin wannan ta shiga, jiki yakan yi kamar maƙeri, ya auna ta, ya ƙera abin da ya yi daidai da ita, ita kaɗai. Ƙirar kuma tana ɗaukar kwanaki. Ran da na ɗebi jininsa kwana uku kacal da fara ciwon, maƙerin bai ko gama hura wuta ba. Akan fara da wani iri da ke fitowa cikin mako na farko ya yi 'yan watanni ya ɓace, sannan wani iri ya biyo baya, shi wannan yakan zauna shekara da shekaru yana tsaron gida. Shi ya sa ake ɗiba sau biyu, a ajiye na farko kusa da na biyu. In an ga sun ƙaru sosai tsakanin biyun, to an san wanda ya shigo, an kuma san jiki ya yi faɗa da shi.

Kawu ya murza gemu. Can ya dubi ƙanensa ya ce, "To ai kai ba a maƙerarka aka yi aikin ba." Kawu Ƙarami ya ce shi fa an riga an huda shi, wa zai biya shi? Iya ta fashe da dariya daga bakin murhu, ta ce rabonta da jin an yi raha a gidan nan tun kafin a yanke gero.

Duk da haka Kawu bai miƙa hannu nan take ba. Ya ce jikinsa babu ƙarfi, jinin ya ƙare. Na nuna masa kwalbar, ba ta kai ɗan yatsa ba, na ce kasalar da yake ji takan biyo bayan irin wannan zazzaɓi, wani ya yi makonni yana jan jiki. Ya ƙi dai. Sai na yi abin da ban taɓa yi ba. Na ce, "Kawu, wa kake ce da ni?" Ya ce, "Uwata." Na ce, "To uwarka ta ce ka miƙo hannu." Ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Haka take magana kuwa." Ya naɗe hannun riga da kansa. Abokin aikina ya tambaye shi sunansa da na mahaifinsa har sau biyu kafin ya ɗaura masa roba.

Kafin a sauke abinci na zaga bayan ɗaki. Kawu mutum ne mai alfahari da gidan sauronsa, ko a wannan zaman sai da ya ce shi da bai taɓa kwana a waje da shi ba, ta ina sauro ya same shi? Amsar tana jikin bango: randuna uku na tarar ruwan sama, babu murfi, da tsohuwar tayar amalanke da ruwa ya kwanta a ciki. Na leƙa randa, ga 'yan tsutsotsi nan suna wutsil-wutsil. Na kira Iya na nuna mata. Ta ɗaure fuska ta ce ruwanta tsaf yake, ita ba ƙazama ba ce. Na ce ai shi ya sa, wannan sauron ba ruwan kwata yake so ba, mai tsabta yake nema. Baƙi ne mai ɗigon fari a ƙafafu, kuma da rana yake cizo, lokacin da gidan sauro ke naɗe a saman gado. Kafin mu gama cin abinci na ga faifai a bakin kowace randa, tayar kuma an kife ta.

Dambun gero aka yi mana da zogale da man gyaɗa, sai fura da nonon da aka karɓo daga rugar da ke bayan gari. Abokin aikina ya ci har ya saki maɓallin wuya. Abin da ya fi mini komai daɗi shi ne na ga Kawu ya kai loma huɗu, ina ƙirgawa a zuci. Ba mu daɗe ba saboda ƙanƙara. Iya ta cusa mana gyaɗa da kabewa biyu da ƙwan zabi a cikin ƙwarya da dusa, mai amalanke ya mayar da mu inda direba ke barci a ƙarƙashin tsamiya.

Mun biyo ta Gaya da la'asar, muka tsallake gadar Wudil rana na yin ja, muka shigo Kano ana kiran magariba, cunkoson motoci ya tare mu kamar kullum. Da na buɗe kula a wurin aiki, ƙullin ruwa biyu ne suka rage da sauran ƙanƙara a cikinsu. Sun isa. Na isa gida ƙafafuna sun kumbura, bayana kamar ba nawa ba, na yi sallah na gode wa Allah.

Kwana huɗu bayan nan sakamako ya fito. A jinin farko kusan babu komai. A na biyu ƙwayoyin garkuwar dengi sun yi tashin da ko ɗan koyo ba zai yi shakka ba. Na Kawu Ƙarami, wanda ya nace a gwada tunda an riga an huda shi, babu alamar sabon faɗa a cikinsa. Na daɗe ina kallon takardar nan tasa. Da na ƙara minti goma a gidan mai firiza, ya hau babur ya tafi, da ita zan riƙe da sunan Kawu a kai, in sake buga waya in ce ba a ga komai ba.

Na kira wayar Kawu Ƙarami na ce ya kai wa Kawu, ya buɗe murya kowa ya ji. Na ce, "Kawu, an gani." Na faɗi sunan ciwon. Na ce dengi iri huɗu ne, garkuwar da ya samu ta wannan irin ce, in wani irin ya zo ba lallai ta tare shi ba, wani lokaci ma na biyun ya fi tsanani, don haka faifan nan kada su bar bakin randa, in kuma zazzaɓi ya sake zuwa kada a sha maganin ciwon jiki barkatai, a tsaya kan farasitamol a tafi asibiti. Ya bari na gama tsaf, sannan ya ce, "Uwata, ni abu ɗaya nake tambaya. Faɗan da kika ce an yi, wa ya ci?"

Na ce, "Kai ka ci, Kawu. Tun mako biyu da suka wuce."

 Sai na ji Iya tana hamdala, na ji muryarsa ta ɗan yi nisa, ya juya wajen ƙanensa: "Kai, shanun nan fa aro na ba ka. A dawo da su gobe da safe, akwai gyaɗar da za a kwaso."

Wannan tafiya ta koya mini abin da shekarun aiki ba su koya mini ba. Na san yadda jiki ke ƙera garkuwarsa, na san kwanakin da take ɗauka, amma ban san nauyin kalma biyar a kunnen wanda ke kwance ba. Yanzu duk wanda na miƙa wa sakamako irin wannan, sai na zaunar da shi na ce ba a gani ba tukuna, ga kuma dalili. Ina godiya ga mai gyaɗar Kademi, da mai firizar Ajingi, da mai amalanken da ban ko tambayi sunansa ba, da Kawu Ƙarami da ya miƙa hannunsa ga allurar da yake tsoro. Jiya Iya ta kira ni tana ƙorafi, wai Kawu ya fita gona tun da sassafe, ga rana ta take, har yanzu bai dawo ya ci abinci ba.